Ƙuda Ba Ya Kawaici

A layinmu na Dogo Tebo a garin Potiskum, in an idar da sallar magariba, kowane magidanci yakan shiga gida ya fito da kwanonsa, a hallara a ƙofar gidan Baba Maigandi. Tabarma ake shimfiɗawa a gindin dalbejiya. A buɗe kwanon wannan a cinye, a jawo na wancan. Ciyayya ke nan. Tun ina saurayi nake raɓawa a gefe, amma ban zama ɗan wurin ba sai da na auri Muhsina. Ranar da na fito da kwanon gidana na kaina, tuwon gero da miyar kuka har da man shanu, Baba Maigandi ya ce a matsa wa Safiyanu, yau ya zama mutum.

Wurin da aka ba ni tsakanin tushen bishiyar yake da Babakura. Shi Babarbare ne, ni kuwa Bafillatani, kakannina ne suka bar daji suka zauna gari. To ka san tsakanin Fillani da Barebari, wasa ne tun na iyaye da kakanni. Bai taɓa kiran sunana ba, daga "bawana" sai "ɗan Fillo". Ya girme ni nesa. Da rani dillancin tumaki yake yi, da damina ya tare a gonarsa ta Mamudo. Bakinsa ba shi da linzami. In miyar gidanka ta yi gishiri, kowa zai ci ya yi shiru, shi kuwa sai ya tambaye ka ko buhun gishiri aka kawo wa amaryar taka a gara.

Aikina a lokacin kamun shanu ne a kara. In an gama ciniki, mu ne masu jefa wa sa igiya, mu kama ƙaho, mu murɗe wutsiya, mu tura shi ya hau tirela mai tafiya Kudu. Aikin ƙarfi ne, kuma ina da shi a lokacin, ba yabon kai ba. Shi ya sa da zazzaɓi ya kama ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na sayi ƙwayoyi a kemis, in ya lafa in fita, in ya dawo in kwanta. Haka muka yi ta yi da shi har wata Laraba, ina riƙe da igiyar wani bijimi, na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙasan cibiya. Kafin a kai ni asibiti cikin ya yi tauri kamar allo. Likita ya ce taifot ne ya huda mini hanji, ƙazanta ta zube a ciki, in ba a buɗe ni a ranar ba, to sai dai wani ikon Allah. Ban san lokacin da aka shiga da ni ba. Na dai farka na ji roba a hancina, roba a gefen cikina, Muhsina tana tsaye ta rufe baki da mayafi.

An yi aiki lafiya, an gode Allah. Sai da aka kwana biyu, ina murna na fara shan kunu, ɗinkin ya soma fitar da ruwa. Daga ruwa sai mugunya. Wata safiya na yi tari na ji abu ya saki, da aka ɗaga auduga sai ga ƙasan ɗinkin ya buɗe kamar bakin buhu. Likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce cikin da aka tarar da datti irin nawa, sau da yawa fatar takan ƙi haɗuwa. Ba za a sake ɗinkewa ba, za a bar shi a buɗe a riƙa wankewa, nama ya taso daga ƙasa da kansa. Na tambaye shi zuwa yaushe. Ya ce ciwo ba a sa masa rana.

Wadda ke wanke mini ciwon wata nas ce 'yar Filato, Sista Nanret. Hannunta da sauƙi. Ko bayan an sallame ni wurinta nake komawa a keke napep, ina dafe da ciki duk inda muka faɗa rami. Zafin wankin na iya jurewa. Abin da ya fi ƙarfina wari ne. Na yi aiki cikin kashin shanu da fitsarinsu tun tasowata, na ja mushe da hannuna, amma ban taɓa jin wari irin wannan ba, kuma daga jikina yake fitowa. Kafin la'asar audugar ta jiƙe, ta ɓata riga. Ƙudajen layinmu duk suka san ni. In na zauna a tsakar gida sai su taru a gaban rigata, daidai wurin, baƙi ƙirin.

Duk da haka, wanda na tambaya sai ya ce ba ya jin komai. Muhsina ta ce haba Malam, wane wari. Ta dai sayo kasko da turaren wuta irin na Barebari, safe da yamma tana turara ɗaki, wai ita tun tana yarinya take son ƙamshinsa. Maƙwabcina Yunus ya ce zuciyata ce kawai. Baba Maigandi ya aiko har sau nawa, ya ce majinyaci ba ya warkewa a ɗaki, in fito in ci abinci cikin mutane. Da na ga kowa bakinsa ɗaya, sai na ce watakila ni ne nake ƙara wa abin gishiri. Na sa sabuwar riga, na ɗauki kwano a hankali na fita.

Aka yi mini sannu, aka yi mini barka. Na zauna a wurina. An buɗe kwanon farko ke nan sai ga Babakura, ya dawo daga kara a makare. Ya zauna kusa da ni, ya miƙa hannu zai gutsuri tuwo, sai ya tsaya. Ya ja hanci. Ya juyo ya dube ni.

"Kai bawana, wace saniya ce ta mutu a cikin rigarka? Je ka binne ta ka dawo mu ci tuwo."

Ya ja jikinsa can gefe. Da an yi dariya, da ni ma na yi. Ba wanda ya yi. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kwano, kuma a shirun nan na gane duk suna ji, tun zuwana suke ji, haɗiyewa kawai suke yi tare da tuwon. Na ce musu bari in shiga in sha magani. Ban sake fitowa ba.

Daga baya Muhsina ta ji a bakin matar Yunus cewa bayan tashina Baba Maigandi ya yi wa Babakura wankin babban bargo. Ya ce wasa ma da iyakarsa, wanda ba ya tausayin majinyaci kada ya ƙara zama masa a tabarma. Babakura ya sa takalminsa ya tafi, shi ma bai ƙara komowa ba.

Watanni suka yi ta wucewa. Ramin ya riƙa cikowa kaɗan-kaɗan kamar yadda likita ya faɗa, har wata rana Sista Nanret ta ɗaga auduga ta ce yau kam ba abin da za ta wanke. Ya bar mini tabo mai faɗi, mai sheƙi, ya jawo cibiyata ta karkace. A ƙasansa kuma wani ƙullutu yakan turo in na tsaya ko na yi tari. Likita ya ce naman ciki ne bai yi ƙwari ba, hanji ke leƙowa ta wurin, in na ƙara samun ƙarfi wata rana za a gyara. Kafin nan ya ba ni bel mai faɗi in riƙa ɗaurawa, ya hana ni ɗaukar duk abin da ya fi buta nauyi. Kamun shanu dai ya ƙare ke nan. Na koma tufkar igiya da zaren tsofaffin buhuna a tsakar gida, Yunus yana tafi mini da ita kara. Wannan duka na karɓa. Mutumin da aka ce da ba a buɗe shi a ranar ba sai labari, ai ba ya raina tufka.

Sai dai warin bai tafi ba. Ciwo ya rufe, amma ina jin shi, musamman in na sunkuya ko na yi zufa. Na gaya wa Sista Nanret. Ta ce, "Malam Safiyanu, fata ta haɗe, babu ƙofar da zai fito. Hancinka ne ya riƙe shi, na ga masu irin haka, yakan saki." Na yi mata godiya. Amma a hanya na tuna kullum da takunkumi take aiki, kuma wanda ya shekara yana wanke gyambo, ina zai ƙara jin wari?

Na sake tambayar Muhsina, ta ce babu. Na tambayi Yunus, ya ce babu. To ai wancan lokacin ma haka suka ce, da murya irin wannan, da fuska irin wannan. Baba Maigandi da kansa ya tako har tsakar gidana da sandarsa, ya rantse mini ba ya jin komai. Na san ba zai rantse a kan ƙarya ba, amma duk layin an san hancinsa ya daɗe da mutuwa saboda shaƙar taba, ko miya ta ƙone ba ya ji. Ga kuma kaskon Muhsina, safe da yamma bai fasa hayaƙi ba. Na ce a raina, in da babu, me take turarawa?

Haka na zauna. Kwanon gidanmu yana fita ciyayya kullum, Yunus ke karɓa a bakin ƙofa, ya dawo da shi wayam. Ni kuwa in ci nawa ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu ta kan katanga. Masallaci sai an tayar nake shiga, in tsaya a ƙarshen sahun baya wajen taga, ana sallamewa in fice. Turare kuwa nakan zuba har rigar ta yi danshi. Ko a ɗaki na mayar da shimfiɗata bakin ƙofa, na ce da Muhsina zafi nake ji.

Da damina ta kankama sai wani abu ya ƙaru. Wata safiya Muhsina ta shigo da kasko, ta ajiye kusa da ni, ta fita da sauri. Na ji ta a bayan ɗaki tana amai. Kashegari ma haka. Ta rame, abinci ba ya shiga, in ta matso kusa da ni sai in ga tana haɗiyar yawu tana kau da kai. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Wannan kalmar na gaji da ita. Yarinyar nan ta yi jinyata, ta wanke tsummokaran da ni kaina ba na iya kallo, yanzu kuma warina ya hana ta riƙe abinci a cikinta. Na ce mata ta shirya ta je gidansu a unguwar Dogo Nini ta huta, ba sai ta yi saurin dawowa ba. Ta dube ni ta ce, "Me na yi maka, Malam?" Na jawo igiyata na ci gaba da tufka. Ta shiga ɗaki, na ji tana kuka a hankali, irin wanda ba a so a ji.

Ina zaune da igiya a hannu, tufkar ta ƙi tafiya, sai na tuna da Babakura. Duk watannin nan in na tuna shi ƙirjina ne ke zafi. Ran nan kuwa sai na ga abin ta wata fuska. Duk garin Potiskum mutum ɗaya ne ya ji wari ya ce ya ji. In akwai wanda zai ce babu in yarda, shi ne.

Da gari ya waye na ce da Muhsina ta dakata da haɗa kaya sai na dawo. Na yi wanka da sabulu kawai, na ɗaura bel, na sa riga. Ta miƙo mini kwalbar turare kamar kullum, na ce ta bar shi. Fita ba turare ran nan, ji na yi kamar na fita ba wando.

A tasha na shiga motar Mamudo, aka matse ni tsakanin wani dattijo da wata mata mai kwandon yalo. Ba mu bar gari ba dattijon ya sauke gilashi. Na ce a raina shi ke nan. Matar ta gyara mayafi ta rufe rabin fuska, na ƙara cewa shi ke nan. Sauran tafiyar na yi ta ne ina ƙanƙame da hannuwana a kan ciki, ina kallon gero da dawa sun yi kore shar a gefen titi, ba na ganinsu.

Gonar ba ta yi wuyar samu ba, duk wanda na ce wa Babarbaren nan mai baki sai ya nuna mini gaba. Na same shi a duƙe yana maimai. Ya ɗago ya gan ni, ya ajiye fartanya, ya goge hannu a riga.

"Malam Safiyanu. Sannu da zuwa. Ya ƙarfin jiki?"

Tunda nake da shi ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, balle da malam a gaba. Ya kai ni bukkarsa, ya karkaɗe mini buhu in zauna, ya jawo ƙwaryar fura da nono ya ajiye a gabana. Ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen layi, ya yi mini addu'ar Allah ya sa kaffara ne. Duk yana yi idonsa na ƙasa. Na ga in na tambaye shi a haka, ba komai zai ce, irin na kowa, in koma gida da abin da na zo da shi.

Ni ba gwanin tsokana ba ne. Ko da can shi ke faɗa ni ina murmushi. Amma na daure na ce masa na zo duba gonata ne, in ga ko bawan da na bari yana aiki. Ya yi ɗan murmushi ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce layin geron nan ya karkace kamar sawun maciji, Babarbare dai ko fartanya ba ta yarda da shi ba. Ya ce haka ne, ƙasar ce da tauri. Na ce furar ma ai ta Fillani ce, ba don mu ba da yunwa ta kashe shi. Ya ce gaskiya ne. Sai na tattaro abin da ya rage mini na ce, a gari ana ta labari, wai tsawa ɗaya wani tsoho mai sanda ya yi, Babarbare ya bar takalmi ya gudu daji, har yau ko kara ba ya iya ratsawa ta layinmu.

Na ga jijiyar wuyansa ta motsa.

"Wa ya bar takalmi? Da takalmina na tafi. Kai jikan masu kwana da maraƙi, gonata za ka biyo ni ka gaya mini magana, da bakinka mai warin kindirmo?"

Na ji wani sanyi a raina. Na ce, "Na kindirmo kaɗai?"

Ya dube ni. Sai na gaya masa komai, a hankali, tun daga ciyayyar da na bari har zuwa aman Muhsina. Na ce ba don ya ba ni haƙuri na zo ba. Ran nan shi kaɗai ya gaya mini gaskiya, ita nake so ya sake gaya mini, ko wace iri ce.

Ya ce in tuɓe riga. Na tuɓe, na kwance bel. Ban da likita da Sista da Muhsina ba wanda ya taɓa ganin wurin. Ya tsuguna ya ƙura masa ido, ya daɗe.

"Tabon nan mummuna ne," ya ce. "Kamar makaho ya ɗinke buhun gawayi. Wannan ƙullutun kuma, in ka shiga layin awon ciki ba mai korar ka."

Sannan ya kawo hancinsa har yana taɓa fatar, ya ja numfashi, ya koma ɗaya gefen ya sake ja. Ya ɗago.

"Zufa. Sabulu. Robar wannan ɗamarar taka. Saniyar dai an binne ta."

Na so in yarda. Amma wata da watanni ina jin abu, ba ya fita da magana ɗaya. Na ce masa ko shi ma tausayina ya ji, tunda an yi masa faɗa a kaina. Bai yi fushi ba. Ya ce shi ɗan Adam ne, yana iya jin tausayi ko da na Bafillatani ne, don haka kada in yarda da shi. Ya tambaye ni, lokacin da ciwon yake ɗanye, wa ya fi kowa bina? Na ce ƙudaje.

"To zauna haka, kada ka motsa, kada ka kore su. Ƙuda ba ya kawaici. Bai ci tuwon gidanku ba, kuma ba ya tsoron Baba Maigandi."

Ƙudan damina a gona ba sai an gayyace shi ba. Na jingina da turken bukka, cikina a waje. Suna nan birjik a bakin ƙwaryar fura. Babakura yana da ɗan yanka a babban yatsan ƙafa inda fartanya ta same shi, abin bai kai ƙwayar wake ba, amma sun yi masa rumfa, yana kora suna dawowa. Ni kuwa ga tabo tun daga saman cibiya har mara, ba wanda ya kula. Can ɗaya ya zo ya sauka a kan ƙullutun. Na ɗauke numfashi. Ya yi 'yan taku, ya murza hannuwansa, ya tashi ya koma kan yatsan Babakura.

"Ka gani," in ji shi. "Ya zagaya kamar dillali ranar da ba kasuwa."

Na yi dariya har sai da na dafe wurin. Daga dariyar idona ya kawo ruwa, na ce masa wani abu ne ya faɗa mini a ido. Ya ce e, gonarsa akwai irin wannan. Ya tura mini ƙwaryar, ya ɗauki ludayi ɗaya ya ba ni ɗaya, ya matso har kafaɗarsa na gugar tawa, muka sha.

Muna sha ya ce maganar da ya yi ran nan ba ƙarya ba ce, amma ba a gaban tuwo ya kamata ya yi ta ba. Na ce ta wuce. Sai ya koma kan zancen Muhsina, ya sa na maimaita masa: da safe take aman, ta rame, ba ta son abinci. Ya ajiye ludayi ya riƙe baki.

"Amarya tana amai da safe, kai kana tuhumar cikinka. In saniya ce da tun daga nesa ka gane. Je ka tambaye ta, bawana."

Ni mai jinkirin fahimta ne, sai da muka kusa titi maganar ta zauna mini. Kafin mu bar bukkar na ce masa ba zan koma ciyayya ni kaɗai ba. Ya ce shi an kore shi. Na ce ni aka kore shi dominsa, ni kuma na zo biko. Ya yi ta gunaguni da Barbarci, amma ya rataya fartanya a bukka ya biyo ni. A motar komawa ba wanda ya sauke gilashi sai shi, wai Fillani sun yi yawa a ciki. Da muka sauka a tasha wata mata tana gasa masara, ƙamshin ya daki hancina sosai. Na daɗe rabona da jin ƙamshin abu shi kaɗai, ba tare da wancan a ƙarƙashinsa ba.

Na tarar da Muhsina tana hura gawayi a kasko, ta kau da fuska gefe. Na ce ta bar shi haka, kaskon nan ya yi aiki, ya huta. Ta tsaya da mafici a hannu. Na tambaye ta tsakaninta da Allah, turaren nan tana son sa? Ta ce tun farko ciwon kai yake sa ta, kwanan nan kuwa ko daga nesa ta ji shi sai cikinta ya juya, shi da wanda nake zubawa a riga. Na ce to don me ba ta daina ba tun da ciwo ya rufe?

"In na daina rana ɗaya, ai za ka gane dalilin da ya sa na fara."

Na zauna a bakin turmi. Na ce, aman fa, turaren ne kaɗai? Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta shige ɗaki. Ta cikin labule ta ce in ina da sauran tambaya in je in yi wa Sista Nanret, ita za ta ɗora tuwo. Kayan da ta fara haɗawa na ga ta mayar da su cikin akwati.

Da aka yi magariba na shiga sahu na tsakiya, tsakanin Yunus da wani baƙo. Bayan sallama na shiga gida na ɗauko kwano da kaina, Babakura yana jirana a bakin ƙofa, ya ce in ba shi ya riƙe tunda ni mai juna biyu ne. Muka isa gindin dalbejiya tare. Hira ta tsaya. Baba Maigandi ya dube ni, ya dubi Babakura, ya daɗe yana murza sandarsa. Sannan ya ce da Yunus ya matsa, ya zauna wa mutane a wuri.

Na zauna a hankali, na sassauta bel ta ƙarƙashin riga. Yunus ya ce igiyoyina sun taru, na ce ya bar su, ran Laraba ni zan kai kara da kaina, zama kawai zan yi a inuwa. Aka buɗe kwanon gidana. Babakura ya gutsura ya kai baki, ya tauna, ya ce yau kuma gishirin garar ya ƙare ke nan, miya salam kamar ruwan alwala. Baba Maigandi ya ce ya ci ya yi wa mutane shiru.

Na sa hannu. Can a tsakiyar ci warin ya ɗan gifta mini a hanci, kamar yadda ya saba. Na saci kallon Babakura. Loma yake kaiwa, gwiwarsa tana jingine da tawa. Na gutsuri wata.